Tambayoyi Uku A Bayan Kayena

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Farkon shekarar nan Malam ya ce kowa ya faɗi aikin da yake so in ya gama karatu. Mu ƴan mata kusan duka muka ce malanta. Ni ma haka na ce, amma tsakani da Allah ba zaɓe na yi ba, ita kaɗai na sani. Sai Malam ya ce mu je mu ji daga bakin masu sana'a. Na rubuta tambayoyi uku a bayan kayena: wane karatu aikin ke bukata, mi ya fi wuya a cikinsa, kuma yana riƙe gida?

Na fara da Gwaggona tela. Ta ce dab da Sallah ko barci ba ta samu, da damina kuwa keke sai ya yi ƙura. Malamarmu ta Fikihu, wadda ta yi Jami'ar Musulunci ta Say da aka buɗe a 1986, ta ce malanta sai mai haƙuri.

Wadda ta tsaya mini a rai ungozoma ce ta gidan haihuwar unguwarmu. Ta ce: "Ɗiyata, kar farar riga ta ruɗe ki. Akwai kwana a wurin aiki, akwai jini, wani lokaci uwa ta cika a hannunki." Ta ce sai da BAC, sannan shekara uku a makarantar aikin lafiya irin ENSP ta nan Damagaram, kuma darussa duka da Faransanci. Nan gabana ya faɗi, don Faransancina gurgu ne. Amma ta ƙara da cewa kullum masu jego na tambayarta hukuncin jinin biƙi da lokacin komawa salla, ita kuwa ba ta da amsa. Abin da muka karanta ke nan a Risala!

Da na gaya wa Baba ya yi shiru, sannan ya ce: "To Larabcin fa?" Na ce ba zan yar da shi ba, tare zan tafi da shi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni dai kowane dare bayan Isha'i ina karanta shafi biyu na Faransanci, ƙanena na gyara mini yana dariya.

Ƴan uwa, ku je ku tambaya tun da sauran lokaci. Allah ya zaɓa mana mafi alheri, amin.