Yaron Da Muka Hana Zane

Shekara ashirin ke nan muna riƙe da alli. A makarantar horon malamai mun ɗauko cewa duk yaron da ke zane a gefen littafinsa, hankalinsa ba ya aji. Da haka muka yi ta aiki. Akwai wani yaro a ajinmu nan Maraɗi, ba mu san iyakar littattafan da muka ƙwace masa ba saboda zane.

Bara sai ga shi ya yi mana sallama, da tsohuwar kwamfuta a hannu. Ya ce, "Malam, rubutu na kawo ku duba mini." Ashe sana'arsa tsara shafukan intanet, wani mai fataucin albasa ya ba shi aiki.

Muka zauna bisa tabarma yana nuna mana. HTML shi ne ginin, CSS shi ne yaɓe da ado, JavaScript kuwa shi ke sa ƙofa ta buɗe in an taɓa. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya assasa abin a 1989, aka sakar wa duniya shi kyauta a 1993. Shi yaron namu a wayar hannu ya koya, da dare, shekara biyu cur. Shafukansa uku na farko kyauta ya yi su, don mai ba da aiki ba ya tambayar takardar shaida, sai dai ya ce, nuna mini abin da ka yi. Kowane shafi sai ya gwada shi a ƙaramar waya, ya rage nauyin hotuna, domin da irinta mutanenmu ke dubawa.

Muna kallo ya manta alama ɗaya, shafin duk ya watse. Ya bi layi-layi har ya gano ta. Muka ce, ai wannan shifta ce! Mu ma muka kama shi: ya rubuta kasa a wurin ƙasa, don samfurin baƙaƙen da ya zaɓa ba shi da lanƙwasa. Muka sa ya sake.

Da zai tafi muka nemi gafararsa a kan littattafan nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai da shiftarku nake cin abinci."

To, 'yan'uwa malamai, mu dai mun daina ƙwacewa. Yaro ya gama shifta, shafin baya nasa ne, ya zana abin da ya so. Allah Ya sa mu dace, amin.