Mai Kai Abinci

Labarin jirgin nan na fara jin sa ne a Yawunde, a shagon wani maiɗinki a unguwar Birkitiri, inda muke taruwa da yamma mu saurari rediyo. A watan Fabrairun 2020 ne. Aka ce wani ƙaton jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, mai suna Diamond Princess, yana tsaye a tashar Yokohama ta ƙasar Japan, an hana kowa sauka, saboda wani dattijo ɗan shekara 80 da ya sauka a Hong Kong an gwada shi an same shi da sabuwar cutar nan ta korona. Mutum 3,711 ne a ciki. Na tuna har dariya muka yi. Wani ya ce ai wannan ciwon masu kuɗi ne, mutumin da zai biya miliyoyi don kawai ya kwana a kan teku, to ya ji a jikinsa. Ni ma na tofa tawa, na ce mu da jirgin ruwa sai dai labarin Baba.

Baba ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Garwa yana saurayi, tun kafin a haife ni. Mun taso yana ba mu labarin yadda jirage suke haurowa ta kogin Binuwai daga Nijeriya idan ruwa ya cika a tsakiyar damina, su sauke gishiri da siminti, su ɗauki auduga da gyaɗa su koma kafin ruwan ya janye. Yaƙin basasar Nijeriya ya tsayar da harkar, layin dogo ya iso Ngaundare a 1974 kaya suka koma bin ƙasa, madatsar Lagdo kuma ta zo ta riƙe ruwan. Mu da muka zo daga baya, abin da muka tarar a kogin kwalekwale ne da masu wanki da dorinar ruwa. Don haka jirgi mai hawa-hawa da ɗakunan kwana da wurin ninƙaya, a wurina kamar tatsuniya ne.

Ranar 6 ga Maris aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu a Kamaru, a cikin Yawunden da nake zaune. Ranar 17 ga wata Firayim Minista Joseph Dion Ngute ya karanto matakan gwamnati: a rufe iyakoki, a rufe makarantu, kada a tara fiye da mutum 50, kada a yi lodin da ya wuce ƙa'ida a motocin haya. Kasuwa ta yi sanyi a cikin kwana biyu. Ni ɗan tireda ne, abin da na samu yau shi nake ci gobe. Na lissafa kuɗin haya da na abinci, na ga zaman ba zai yiwu ba, na ɗaure kayana na nufi gida.

Jirgin ƙasan dare na shiga. Duk wanda ya san wannan tafiya ya san yadda take: a tashi da magariba, a kwana ana tafiya, gari ya waye ana dosar Ngaundare. Taragonmu cike yake da 'yan arewa irina, kowa na gudun abin da bai gani ba. A gabana wani mutum ya kwana yana tari, yana ba mu haƙuri, yana cewa sanyin kudu ne. Da sanyin dare ya shigo aka rufe tagogi. Muka ci burodi tare, ya miƙo mini gorar ruwansa na sha, don ban san yadda ake ƙin ruwan da aka miƙo da mutunci ba. Daga Ngaundare kuma muka cika mota muka gangaro, zafi yana ƙaruwa, har muka haye gadar Binuwai da la'asar.

Tun a hanya na kira wani abokina ma'aikacin jinya. Ya ce, "Ka san babanka yana da ciwon suga, kuma shekarunsa sun ja. Idan ka isa kada ka shiga cikin gida. Ka zauna a shago kwana goma sha huɗu."

Faɗa ya fi aikatawa sauƙi. Na tarar da Baba a zaure a kan buzunsa. Ya miƙo hannu, ni kuma na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, hannuwana a kan gwiwa. Hannunsa ya daɗe a miƙe kafin ya mayar.

Ya ce, "Lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Daga inda cutar take na fito. Ina tsoron in kawo muku."

Ya ce, "To, Yawunde ta koya maka sabuwar gaisuwa ke nan."

Bai ƙara cewa komai ba. Wata bakwai rabona da shi. Inna kuwa daga tsakar gida ta tsaya tana kallona, ta ce ai ko kuturu ana ba shi hannu. Na shiga shagon da na yi samartakata a ciki, wanda ƙofarsa take kallon zaure, na rufe. A raina ina ganin na yi abin da ya kamata, har da ɗan alfahari.

Wanda ya san Garwa a watan Maris ya san abin da nake nufi idan na ce shagon kwano ne. Zafi yana wuce digiri 40, bango ya riƙe shi har tsakar dare. Ba abin yi sai waya. A nan na koma kan labarin jirgin da muka yi wa dariya, ina karantawa don kashe lokaci, kuma don yanzu na zama ɗan'uwansu a zaman ɗaki.

Tsarin da aka yi musu, a takarda, ba shi da laifi. Daga 5 ga Fabrairu aka ce kowane fasinja ya zauna a ɗakinsa kwana 14. Aka raba musu takunkumi da ma'aunin zafin jiki. Ana fito da su shan iska rukuni-rukuni, kowa nesa da kowa. Duk da haka, daga ƙarshe mutum 712 aka samu da cutar, kusan ɗaya cikin biyar, kuma fiye da goma suka rasu. Kusan rabin waɗanda suka kamu, a lokacin da aka gwada su ba su da wata alama, suna jin kansu garau. Wani likitan cututtuka masu yaɗuwa daga Jami'ar Kobe, Kentaro Iwata, ya shiga jirgin ranar 18 ga Fabrairu, ya fito ya ce babbar matsalar da ya gani ita ce ba a raba ɓangaren da cuta take da ɓangaren da yake da tsabta ba.

Amma abin da ya tsaya mini a rai lissafi ne. Fasinjoji 2,666 ne, ma'aikata 1,045. Idan an rufe fasinja a ɗaki, wa zai dafa masa? Wa zai kai masa abinci sau uku a rana, ya kwaso kwanuka, ya canza tawul, ya kwashe shara? Ma'aikatan nan, da yawansu 'yan Filifin da Indiya da Indunusiya, ba a killace su a lokacin ba, don in aka killace su jirgin ya tsaya. Suna bi ƙofa-ƙofa da rana, da dare su koma ƙananan ɗakunansu a can ƙasan jirgi, biyu-biyu ko fiye, su ci abinci a wuri ɗaya. Da aka bincika ma'aikata 20 na farko da aka tabbatar sun kamu, 15 daga cikinsu masu aikin abinci ne.

Ina cikin karanta wannan aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Yaya, ga tuwo."

Auta ce, ƙanwarmu, shekarunta 14. An rufe makaranta, don haka duk aiken gida ya dawo kanta. Kamar yadda ta saba tun ranar da na dawo, ta turo ƙofa ta shigo, ta ajiye langa, ta ɗauki kwanukan rana da kofin da na sha ruwa, ta tsaya tana ba ni labarin ƙawayenta. Kwana uku ke nan tana yin haka, safe, rana, dare. Daga wurina take wucewa ta kai wa Baba nasa, ta zuba masa ruwa a buta, ta miƙa masa maganinsa. Da dare a ɗakin Inna take kwana.

Na ƙi ba mahaifina hannu, na ɓata masa rai, na rufe kaina ina zufa, alhali na bar hanya a buɗe tsakanina da shi, tana zirga-zirga da ƙafafunta sau uku a rana. Kuma ko sau ɗaya ban yi tunanin ita kanta ba. Duk lissafina a kan Baba yake, don shi ne babba, shi ne mai ciwo. Auta mai kai abinci ce kawai, kamar yadda ba a lissafa tire a cikin masu cin abinci.

Na ce, "Auta, ajiye kwanukan nan ki fita. Je ki wanke hannunki da sabulu."

Ta ce, "Me na yi, Yaya?"

Na ce, "Ba ki yi komai ba. Ni na yi."

A daren muka sake tsari, ina magana ta taga, Inna tana amsawa daga nesa. Aka ajiye benci a ƙofar shago. Aka ware mini kwano ɗaya, kofi ɗaya, cokali ɗaya, buta ɗaya. Mai kawo abinci zai juye a kwanona da ke kan benci, ya tafi, sannan in buɗe in ɗauka, in wanke da kaina. Aka ware mini lokacin kewayawa, bayan kowa, in na fito in watsa ruwan jabel. Wannan bai zama sabon abu ga Inna ba, don tun annobar amai da gudawa ta 2010 da ta addabi arewacin Kamaru ba ta rabuwa da jabel a gida. Baba ya koma cin abinci daga hannun Inna ita kaɗai. Auta ta koma ɗakin Goggo da ba kowa a ciki, ta ɗaura ɗankwali a hanci idan za ta fito. Taga kuma na bar ta a buɗe dare da rana, saboda zafi na yi haka, daga baya masana suka tabbatar cewa cutar ta fi bin iska a rufaffen wuri fiye da bin kwano, ashe tagar ta fi jabel ɗin aiki.

A kwana na biyar zazzaɓi ya rufe ni. Na ce maleriya ce, don a garinmu kowane zazzaɓi maleriya ne sai an ga akasin haka. Ranar da aka juye mini miyar kuka na kai hanci ban ji ƙanshin daddawa ba, ranar na daina yaudarar kaina. Abokina ya riƙa kirana safe da yamma, yana sa ni in ƙirga numfashina, ya ce in ya fara yi mini wuya kada in jira gari ya waye. Allah ya sa bai kai ga haka ba.

Kwana biyu bayan nan na ji tari daga ɗakin Goggo.

Ban taɓa jin dare mai tsawo irin waɗannan ba. Ina kwance ina ƙirga tarinta ta cikin bango, in ya lafa in kasa kunne ko zan ji na Baba. Ba zan iya zuwa in duba ta ba, Inna ma ba za ta iya zama kusa da ita ba, sai dai ta tsaya a ƙofa tana ce mata sannu. Yarinyar da ba ta je Yawunde ba, ba ta shiga jirgi ba, ba ta sha ruwan kowa ba. Laifinta an aike ta ta je.

Unguwa kuma ta ji. Inna tana sayar da fura, masu saye suka ɗauke ƙafa. Wani maƙwabci ya hana 'ya'yansa bi ta ƙofarmu, wani kuma ya zo har zaure yana ce wa Baba duk ƙarya ce, babu wata korona, cutar Turawa ce. Ina ji daga shago Baba ya ce masa, "Ko akwai ko babu, yarona ya ce in yi nesa, na yi. Sayyidina Umar ma da ya ji annoba a Sham juyawa ya yi da jama'arsa." Ranar na fara jin ya tsaya mini a maganar.

Auta ta warware cikin mako guda, ƙuruciya ta taimake ta. Ni na ƙara kwanaki a kan goma sha huɗun, sai da azumi ya kusa na fito. Baba da Inna ko mura ba su yi ba. Ba na cewa dabarata ce, don kwana ukun farko sun isa su rusa komai. Allah ne ya tsare, bencin kuma ya yi nasa.

Tun daga lokacin nake kallon duk wani tsarin kariya da ido ɗaya: ina mai hidimar yake a ciki? A asibiti ana maganar likita, a manta da mai shara da mai jinyar da take kwana a ƙasan gado. A mota ana raba fasinjoji, yaron mota yana karɓar kuɗin kowa da hannunsa. Ko a Janairun 2022, da aka buga gasar kofin Afirka a filin Rumde Ajiya, Nijeriya ta ci Masar ɗaya da nema, an ce sai mai shaidar rigakafi da gwaji zai shiga kallo, ni kuwa hankalina yana kan yaran da suke yawo da ruwan leda a bakin ƙofa, daga wannan hannu zuwa wancan. A gidajenmu kuma kusan kullum mai kai abincin yarinya ce, ko 'yar riƙo, ko amarya, wadda ba a tambayarta ko tana so.

Bayan sallah na ɗauki Baba a babur muka je bakin kogi, ya ce yana son ganin tsohuwar tashar. Ruwa bai kawo ba tukuna, yashi ne shimfiɗe, shanu suna ƙetarewa. Na ba shi labarin jirgin Yokohama tun daga farko, har zuwa masu abinci 15. Ya yi shiru yana kallon inda jirage suke tsayawa a da.

Ya ce, "Ai haka yake tun zamaninmu. Jirgi in ya iso, mu ne farkon shiga cikinsa, mu ne ƙarshen fita. Ana ƙirga buhuna, ba a ƙirga mu."

Sannan ya ce in tsaya a kasuwa a hanyar komawa, zai saya wa Auta atamfa.