Gidan Haya Ke Zaɓar Wa Yaro Makaranta A Ingila

A Kano ko Kaduna ko Ikko, idan uba mai ɗan hali ya tashi sa ɗansa a makarantar firamare, aljihunsa yake fara dubawa. In kuɗi sun kai, to, nisa ba kome ba ne, direba ko mai a-daidaita-sahu zai kai yaro ya komo da shi. Da wannan zato ne likitoci da ma'aikatan jinya da yawa suka sauka Ingila da iyalinsu cikin 'yan shekarun nan. Alhali kuwa can makarantar gwamnati kyauta ce, ba a sayen gurbi a cikinta, kuma ranar da mutum ya sa hannu a takardar gidan haya, ran nan ya zaɓar wa ɗansa makaranta, ko ya sani ko bai sani ba.

Haka ta faru ga wani likita, mutumin Zariya, wanda ya sami aiki a Birmingham, ya tafi da uwargidansa da 'yarsu mai shekara 6 da jariri na goye. Tun kafin su tashi ya yi ta raba dare yana karanta rahotannin Ofsted, watau hukumar da aka kafa a 1992 domin duba makarantu. A lokacin sufetocinta sukan ɗora kowace makaranta a kan ɗaya daga matakai huɗu, daga mafificiya zuwa wadda ta kasa, abin da aka daina a watan Satumba na 2024. Likita ya tsinci wata mafificiya, ya sa ransa a kanta. Batun gida kuwa bai wahalar da kansa ba, wanda ya samu kusa da asibiti mai sauƙin haya shi ya kama. Tsakanin gidan da makarantar mil uku ne.

Amsar da aka ba shi gajeriya ce: babu gurbi. Mutanen gari sukan miƙa takardar nema kafin 15 ga Janairu, a ba su amsa 16 ga Afrilu, yara su shiga ajin share fage a watan Satumba suna da shekara 4. Wanda ya zo a tsakiyar shekara sai abin da ya rage. Har ila yau, wata doka ta 1998 ta hana ajujuwa uku na farko su wuce yara 30 ga malami ɗaya, kuma hedimasta ba shi da ikon ya ce a ƙara benci saboda ɗan wane. Aka sa sunan yarinya cikin jerin masu jira. Nan ma wani abin mamaki ya tarar da likita, domin ba wanda ya riga zuwa ake fara kira ba. Yaran da ke hannun hukuma su ne kan gaba, sa'an nan galibi masu wa ko ya a makarantar, sa'an nan a auna nisan gida. Wanda ya tare jiya a bayan katangar makaranta ya sha gaban wanda ya yi wata shida yana jira daga mil uku.

Sai kuma maganar aji, wadda ta fi ƙona masa rai. A Zariya yarinya tana aji biyu, tana zuwa ta ɗaya ko ta biyu, har ana zancen a tsallakar da ita. A Ingila ba a tambayi takardar sakamakonta ba, ranar haihuwa aka duba. Duk waɗanda aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta ajinsu ɗaya, mai ƙoƙari da marar ƙoƙari, kuma da wuya a tsallakar da yaro ko a sa shi maimaici. Da yake cikin Oktoba aka haife ta, aji ɗaya ta faɗa. Likita ya ce an mai da 'yarsa baya. Gaskiyar magana ita ce makarantun kuɗi na gida su suka saba tura yara gaba da wuri domin iyaye su ji daɗi, har a ga ɗan shekara 9 a sakandare.

Gurbin da aka samu yana wata makaranta da ke bayan layinsu, tafiyar minti bakwai a ƙasa. Sai dai ta cocin Ingila ce. Duk Bahaushen da ya ji labarin makarantun mishan daga bakin kakanni ya san abin da ya ɗarsu a zuciyar likita. Amma abin ba baƙo ba ne a can: coci ta kafa ƙungiyar gina makarantu tun 1811, gwamnati ba ta shigo sosai ba sai 1870, shi ya sa har yanzu wajen sulusin makarantun da gwamnati ke biya suna da alaƙa da addini, akasarinsu na Kirista. Na Musulmi sai a 1998 aka fara ɗaukar nauyinsu, da Islamia ta Landan da Al-Furqan ta nan Birmingham, kuma ba su da yawa, masu nema sun fi gurbi. Ko makarantar da ba ta coci ba, dokar 1988 ta ce a yi taron ibada kullum, akasarinsa bisa tafarkin Kirista. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar ta ba uba ko uwa ikon cire ɗansu daga wannan taro, ba sai sun ba da dalili ba.

Uwargida ba ta karanta rahoton kowa ba. Ta goya jariri ta je bakin ƙofar makarantar lokacin tashi, ta tsaya tana kallo. Ta ga 'yan mata da ɗankwali, ta ga uwaye Somaliyawa da 'yan Pakistan suna jiran 'ya'yansu. Ta shiga ofis ta tambayi abinci, aka ce akwai na halal, kuma tun 2014 kyauta ake ciyar da 'yan ajujuwa uku na farko. Da dare ta ce, "Maigida, ran da kake aikin kwana, wa zai kai ta mil uku? Ba ni da mota, ga goyo, ga sanyi. Nan ba Gwaggo, ba direba." Likita ya ce ilmin yarinya ake magana, ba wahalar hanya ba. Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, yarinyar da ta yi wata guda tana zaune a ɗaki wane ilmi take samu?"

Ita ke da gaskiya. Makaranta tana tashi wajen ƙarfe uku da kwata, likita kuwa yana asibiti. Cikin Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Kuma karatun Alƙur'ani, wanda babu shi a mafificiyar balle ta coci, sai an kai yaro masallaci da yamma, misalin ƙarfe biyar. Yarinyar da za ta sha motar haya biyu kafin ta iso gida ba za ta kai ko'ina ba sai gado. Rahoton sufeto ba ya auna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Aka sa ta a makarantar bayan layi. Likita ya rubuta wa hedimasta takarda a cire ta daga taron ibada, aka amsa ba tare da musu ba, ta riƙa zama da littafi a wani ɗaki tare da waɗansu yara har a gama. Bai janye sunanta daga jerin masu jira ba, kuma har hayarsu ta shekara ta ƙare ba a kira su ba. Da mai gida ya kawo sabuwar takarda da ƙarin kuɗi, abokan aiki suka nuna wa likita wani gida mai rahusa a wata unguwa. Wannan karon, kafin ya tambayi kuɗin haya, sai da ya buɗe taswira ya auna nisan gidan da makarantar 'yarsa, da kuma inda ƙanenta zai nema idan ya cika shekara 4. Ya sa hannu a kan tsohon gidan.