Saƙon da Kunne Ba Ya Ji

A farkon shekarar 2023, lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci, masu banda a kasuwar kifi ta Haɗeja sun koma dogaro da tura kuɗi ta waya, alhali sau da yawa sabis ba ya ɗauka. Cikin waɗanda abin ya dama akwai wani saurayi mai gyaran waya, ɗan gidan masunta, wanda ya karanta cewa a 2017 kamfanin Google ya fitar da manhajar Tez a Indiya, inda wayoyi biyu kan gane juna ta sautin da kunne ba ya ji. Sai ya ɗaura ɗamarar gwadawa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga masanin karin sautin Hausa. Waya ɗaya tana fitar da amo biyu, na sama da na ƙasa, wannan a madadin 1, wancan a madadin 0, ɗayar kuma tana saurare tana fassarawa. Bambancin shi ne amon yana kaɗawa kimanin sau 19,000 a daƙiƙa, gab da 20,000 inda jin ɗan'adam yake tuƙewa.

A ɗaki saƙon ya isa, a kasuwa ya ƙi. Da fari ya zargi hayaniyar ciniki, sai ya lura muryar mutum tana can ƙasa da wannan mataki. Ƙarar ƙarfe ce take kutsawa, irin ta washin wuƙa. Ga kuma amsa-kuwwa: rufin kwano yana maido da amon da ya riga ya wuce, ya hau kan mai bi masa, 0 ya rikiɗe ya zama 1. Mafi cin rai ita ce wayar kanta, domin lasifikar wayoyi masu araha don magana aka ƙera ta, takan dushe idan aka kai ta sama. Da ya sauko da amon zuwa 16,000 saƙon ya fi isa, amma yara masu talla suka riƙa toshe kunne, dattawa kuwa ko a jikinsu.

Maganin da ya fi ci, makaɗa sun daɗe da saninsa. Kalangu ba ya furta baƙi ko wasali, kari da tsawon gaɓa kaɗai yake ɗauka, shi ya sa ba a kiran mutum da kalma guda. Take ake kaɗa masa, a maimaita har mai shi ya waiwayo. Saurayin ya ja kowane amo, ya bar tazara don amsa-kuwwa ta lafa, ya sa wayar ta maimaita saƙon sau uku.

Sai dai kuɗi ba su motsa ba. Sauti yana gabatar da waya ga waya ne kawai; banki kuwa sai da sabis ake isa gare shi, kuma Tez ɗin ma haka ta kasance. Abin da ya iya turawa shi ne lambar asusu mai alƙaluma goma, ba tare da kuskuren da akan yi wajen karanta ta cikin hayaniya ba. Fataken da suka zo ɗaukar banda suka ci gaba da ɗauka bashi, ana rubutawa a littafi.