Da Kyamara a Fadamar Haɗeja

Aikin da aka ba mu shi ne gajeren fim a kan masunta da manoman fadamar Haɗeja, wanda za a nuna a talabijin sannan a ɗora a YouTube. Tun ba mu bar Kano ba gardama ta kaure a wani shagon hayar kayan fim a Titin Zoo. Yaron da ke ɗaukar mini hoto ya kafe sai Sony FX3 ko Blackmagic Pocket 4K, waɗanda 'yan masana'anta ke ji da su saboda suna fito da fuska tar, bayanta ya dushe. Mai shagon, dattijo ne da ya fara sana'ar tun zamanin kaset ɗin VHS, ya tambayi inda muka nufa. Da ya ji Haɗeja, kuma cikin hunturu, sai ya jawo Sony PXW-Z150, wadda ta fito tun 2016, ya dire ta a kan kanta.

"Malam, waɗancan na ɗaukar amarya ne a falo. Ku da za ku hau ruwa, ku tafi da wadda ba a kwance mata gilashi."

Yaron ya ɓata rai, amma ita muka ɗauka. Muka bi ta Gezawa da Gujungu, hazo ya rufe gabas, kafin mu shiga Haɗeja jakar kyamarar ta yi fari fat alhali tana cikin mota. Duk sanda aka kwance gilashi don a sauya wani, ƙurar nan ciki take faɗawa, ta zauna a kan idon da ke ɗaukar hoton, sai an zo tacewa a ga ɗigo a sararin sama.

Haɗeja gari ne mai tarihin da ya isa fim na kansa, daga Sarki Buhari da ya gagari Sakkwato zuwa Sarki Muhammadu Mai Shahada da ya faɗi a hannun Turawa a 1906. Mu dai kasuwar kifi muka nufa. Ga tarwaɗa na motsi a cikin baho, ga karfasa, ga bandar kifi jibge a kwali ana shirin lodi. A irin wannan hayaniya hoto ba shi ne matsala ba, murya ce. Z150 tana da kafa biyu ta XLR, don haka muka maƙala wa dillalin da muke hira da shi ƙaramin makirfo a wuyan riga, babban kuma yana kwasar ƙarar kasuwa, kowanne a layinsa. Da dare ya yi aka kunna ƙwai, sai na sa yaron ya sake duba saiti. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Kyamarar da aka sayo daga can, in aka bar ta a kan hoto 30 a daƙiƙa, hasken ƙwan yakan yi ta ƙyafta ido a cikin fim. Namu 25 ne ko 50, kuma shi gidajen talabijin ɗinmu ke karɓa.

Washegari da asuba muka kama hanyar Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, dausayin da aka sa cikin jerin muhimman dausayoyin duniya na Ramsar a 2008. A nan ne yaron ya sami abin faɗa, kuma da gaskiyarsa. Kafin rana ta fito hoton Z150 ya yi yashi-yashi, don idonta inci ɗaya ne kacal. FX3 da ta sha wannan duhun ba ko gezau. Amma da gari ya waye muka shiga kwale-kwale, lissafi ya juya. Kirinjijiya da dinya ba sa jiran ka kwance gilashi ka ɗaura wani. Zalɓe na tsaye can nesa a bakin ciyawar kachala, yatsa ɗaya ya isa ya jawo shi kusa ninki 12, ka sake shi ka dawo kan mai tuƙi. Da hantsi ya dubi ludayi ruwan ya koma madubi, sai muka murɗa makarin hasken da ke cikinta, wanda ake kira ND. A kan Pocket 4K sai ka ɗaura shi daga waje, da jiƙaƙƙen hannu, jirgi na tangaɗi.

Mai tuƙa mu, tsohon masunci, ya nuna wata hanyar ruwa da kachala ta toshe ruf. Na ce, "Baba, da can ana bi ta nan?"

"Ɗana, da jirgi muke ratsawa har mu ɓulla wancan ƙauyen. Yanzu sai jan-baki, su kwana a ciki, da safe su sauka a shinkafar mutane."

Tushen abin yana can sama. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da damina ya janye da rani yadda ya saba. Wasu hanyoyin ba sa bushewa duk shekara, ita kuwa kachala abin da take so ke nan. Ta toshe nan, ruwan ya karkata ya ci gonar wani.

Tsarin da za a naɗi hoton a kai shi ne zaɓin da ya fi ci mini rai, don sunan 4K yana da daɗi a kunnen mai ba da aiki. Sai dai a wannan kyamarar 4K tana rarrabe matakai 256 ne kawai a kowane launi, HD ɗinta na XAVC kuwa 1,024. A fadama rabin hotonka sama ce mai hazo, rabi ruwa, fari na narkewa cikin toka a hankali. In matakan sun yi kaɗan, da an taɓa launi wajen tacewa sai saman ta fito layi-layi. Ga kuma nauyi: awa guda ta HD tana cin kusan gigabait 22, ta 4K kusan 45, ProRes HQ irin na Blackmagic ya haura 80 ko a HD. Duk wannan sai an juye shi da dare a faifai biyu, a wurin da baturanmu ma a rumfar mai cajin waya da sola muke cika su, sannan kwamfutar mai tacewa a Kano ta iya ja. Na zaɓi HD. Wurare kaɗan na yarda a ɗauka da 4K don ajiya, kamar hanyar da kachala ta cinye, tunda ba tabbas wanda zai zo bayan shekara goma ya same ta haka. Jifan birgi kuwa mun ɗauke shi da hoto 100 a daƙiƙa, ragar ta buɗe sannu a sama har ana ƙirga darmar bakinta.

Da za mu tafi, Baba ya ce a sa masa nasa a waya. Ƙaramar waya ce mai katin memori, ba ta san XAVC ba. Yaron ya zauna a gindin goruba da laftof, ya matse hirar da jifan birgin zuwa ƙaramin MP4, ya tura a katin. Kafin mu gama ɗaure kaya a mota, samarin ƙauyen sun fara tura wa juna ta Bluetooth.