Aibin Fitilar Mota Sai Damina Ta Tona Shi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka taimake ni da ɗan fili cikin jaridarka, in yi magana da 'yan'uwana masu motoci na ƙasar Tambuwal da Kebbe, da direbobinsu, da kuma malaman da su ke rubuta musu takardu. Maganar kuwa a kan ruwan nan ne da ya ke taruwa cikin fitilar mota, da yadda mutum zai yi har ya sa wanda ya sayar masa ya cika alkawarin gyara, wanda a ke kira garanti. Watakila wani ya ce wannan ƙaramin abu ne, bai kai a kawo shi jarida ba. To, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, fitila kuwa ita ce idon mota.

Garinmu Tambuwal yana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, tsakaninmu da Sakkwato kimanin kilomita 100 ne, manyan motoci ba su yankewa dare da rana. In ka saki wannan hanya ka nufi ƙauyukan Kebbe da damina, sai ka tarar da shanu kwance kan hanya, da amalanke, da babur marar fitila, da ruwa kwance wanda ba ka san zurfinsa ba. Direban da fitilarsa ta dushe ba ya ganin waɗannan sai ya zo kansu. Ko ya tsira daga wannan, ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon su ci shi tara saboda lalatacciyar fitila.

Da farko ya kamata a san cewa ruwan cikin fitila iri biyu ne, akwai raɓa, akwai kuma yoyo. Duk rigimar da a ke yi da masu sayarwa a kan bambancin nan ta ke.

A zamanin da akwai wata irin fitila wadda a ke narke gilashinta a haɗe gaba da baya, ba ta da kafar da iska za ta shiga, in ta mutu sai a jefar da ita gaba ɗaya. A Amurka doka ta tilasta wannan iri tun daga 1940 har zuwa 1983. Fitilun yanzu ba haka su ke ba. Gabansu roba ce mai tauri mai kama da gilashi, a bayansu kuwa akwai murfin da a ke buɗewa a sake ƙwai, da 'yan ƙananan kafofi waɗanda maƙera suka bari da gangan. Dalili shi ne, in fitila ta yi zafi iskar ciki ta kan kumbura, in ba ta sami mafita ba sai ta ɓalle liƙin. In ta huce kuma sai ta ja iskar waje. Idan iskar nan mai laima ce, ta tarar gaban fitila ya yi sanyi da dare ko bayan ruwan sama, sai ta kwanta a kansa ta ciki, kamar yadda tururi ya ke kwanciya a murfin tukunya. Wannan ita ce raɓa, ba aibi ba ce, in an kunna fitila an yi tafiya ko rana ta buɗe sai ta tafi. Fitilun da a ke kira LED sun fi jinkirin shanye ta, domin ba su jefa zafi gaba kamar ƙwai irin na da.

Kamfanin Ford ya bayyana iyakar abin cikin littafin da ya ke ba masu motocinsa. A wurinsa raɓa mai laushi, wadda ba ta rufe rabin gaban fitila ba, ba laifi ba ce, tana kuwa iya kai awa 48 kafin ta bushe ko da gari a bushe ya ke. Amma in an ga manyan ɗigo, ko alamar ruwa ya zuraro, ko ruwa kwance a gindin fitila, to, wannan yoyo ne, a kai motar a duba. Yoyo kuwa ya kan zo daga liƙin da ya saki, ko tsaga, ko murfin baya da aka manta ba a mayar ba bayan an sake ƙwai. Wani lokaci kuma kafar iskar ce ƙurar hunturu ko taɓo ya toshe, raɓar da ta shiga ta rasa hanyar fita, ta yi ta taruwa. In an bar shi, madubin da ke tura haske ya kan yi tsatsa, ƙwai ya riƙa mutuwa, wayoyi su ruɓe. Yawancin fitilun LED kuwa ba a sake musu ƙwai, sai dai a sayi kan fitilar dungum.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mu a nan ƙasar, kuɗi da kaka su ke zuwa hannun mutane, watau bayan an casa gero da dawa da shinkafa. Saboda haka tsakanin Nuwamba da Janairu a ke yawan sayen mota. Daga wannan lokaci kuwa sama ba ta sake zubo ruwan kirki sai wajen Yuni. Fitilar da liƙinta ya saki tana iya yin wata shida ko bakwai tana haske tas, mai ita yana yabon ciniki, don babu ruwan da zai gwada ta. Ran da damina ta sauka aibi ya fito, ran nan alkawarin mako biyu ko na wata ɗaya da dillali ya yi da baki ya daɗe da shuɗewa. Mutumin Ikko in ya sayi mota, sama ba ta daɗewa sai ta gwada masa ita. Mu rani ya ke rufa wa mai sayarwa asiri.

Na ga wannan da idona a gidanmu. Yayana, wanda ya ke fataucin hatsi tsakanin kasuwannin Kebbe da Tambuwal, ya sayi sabuwar a-kori-kura daga wani kamfani a Kano cikin watan Disamba. Aka ba shi littafin garanti, ya kawo mini in ajiye, tun da ya ke ni ne mai karatun boko a gidan. Ba a ga kome ba sai cikin Yuli, sa'an nan fitilar hagu ta soma tara ruwa, ta dama kuwa lafiya lau. Wani bakanike ya ce a kawo ya huda gindinta ruwan ya tsiyaye, ya bi bakin da gam, kafin la'asar an gama. Na ce, "Yaya, dakata tukuna, kada kowa ya sa mata hannu sai mun ga abin da littafin ya ce." Da na karanta sai na tarar duk abin da wani ya buɗe ko ya huda, ba da izinin kamfani ba, ya fita daga cikin alkawari.

Kwana bakwai ina ɗaukar hoton fitilun biyu da waya, da safe kafin a tashi mota, da kuma dare bayan an dawo. Na rubuta takarda, na sa lambar motar, da ranar da aka saya, da kilomitar da ta ci, da ranar da aka fara ganin ruwan. Muka yi tafiyar yini guda muka isa Kano. Akawun da muka samu ko leƙa motar bai yi ba ya ce, "Alhaji, ai raɓa ce, kowace mota tana yi da damina." Yayana ya ce, "Malam, in damina ce, ta dama a wane gari ta kwana?" Sa'an nan na nuna masa hotuna, ga ruwa kwance kamar faɗin yatsa biyu, kwana bakwai bai ragu ba. Ya kira babban bakanikensu, suka duba ko akwai alamar karo, ba su samu ba. Suka duba littafin ko an tsallake sabis, suka tarar da hatimi a kowane gurbi. Daga nan magana ta sake. Na roƙa a karɓi takardarmu a buga wa kwafinmu hatimi da kwanan wata, aka yi. Bayan mako uku aka kira mu, aka sa sabuwar fitila, ba mu biya ko kwabo ba.

Amma fa ban ce mun fita ba hasara ba. Tafiya biyu zuwa Kano, da man mota, da kwanan baƙunci, da cin kasuwa biyu da suka wuce yayana, duk ba wanda ya biya mu. Garanti iri ɗaya a ke rubuta wa mutumin birni da mutumin Kuchi, amma wanda ke nesa shi ke sayen nasa da tsada. Wani maƙwabcinmu da abin ya same shi a shekarar, nisan nan ya duba, ya bari aka huda tasa. Da ruwan ya ci madubin ya je neman hakkinsa, aka nuna masa hujin, aka ce ya sauka lafiya.

Wannan duk maganar sabuwar mota ce, wadda masu ƙera ta su kan ɗauki alkawarin shekara 3 ko kilomita 100,000, a Amurka kuwa shekara 3 ko mil 36,000, duk wanda ya riga cika. To, mu nawa ne masu sayen sabuwa? Tun bayan zamanin da Peugeot ɗin da aka soma haɗawa a Kaduna a 1975 ta cika hanyoyinmu, yawancinmu motar hannu mu ke saye, 'yar Kwatano ko Beljiyam, wadda alkawarin maƙeranta ya ƙare tun tana ƙetare. Duk da haka mai saye ba maraya ba ne. A farkon 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kare hakkin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC mai karɓar ƙararraki. Dokar ta ba mai saye wata uku daga ranar da aka miƙa masa kaya, in sun kasa aikin da aka saye su dominsa, ya mai da su, ɗan kasuwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya mai da kuɗi. Amma ku lissafa, jama'a. Wanda ya saya a Disamba, wata ukunsa a Maris za su cika, ko hadari bai soma haɗuwa ba.

Malamanmu kuma sun san wannan babi tun kafin a ƙera mota. Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ta hana ɓoye aibi cikin ciniki. Hukuncin Malikiyya shi ne, wanda ya sayi doki ya tarar da aibin da ya riga ciniki, yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar. Amma sai an tabbata aibin tsoho ne, in kuwa ya gani ya ci gaba da hawa yadda zai nuna ya yarda, hakkinsa ya faɗi. Ashe alƙali da kamfani abu biyu su ke nema gare mu, shaida da gaugawa.

Saboda haka ga shawarata. Wanda zai sayi mota da rani, kada ya jira sama, ya yi wa kansa damina. Tun a makon farko, in da hali ma kafin a biya kuɗi, a zuba wa fitilun ruwa a hankali da bokiti ko tiyo, kamar minti goma, a bar mota ta kwana, a duba da sassafe, a maimaita sau biyu ko uku. Kada a yi da injin wanki mai ƙarfi, domin shi yana iya cusa ruwa ko cikin lafiyayyar fitila, mai sayarwa kuma ya sami abin fakewa. In motar hannu ce, a duba ko akwai farin tabo ta ciki inda ruwa ya taɓa kwanciya ya bushe, ko gam a gefe, ko murfin baya ya ɓace. In ɗaya fitilar ta fi 'yar'uwarta sabunta, a tambayi dalili, sau da yawa alamar karo ce.

Sa'an nan duk alkawarin da dillali ya yi, a sa shi a takarda gaban shaidu, a faɗi abin da ya ƙunsa da ranar ƙarewarsa, a haɗa da rasit a adana. Wanda ya iya ciniki ya nemi a rubuta cewa alkawarin fitila da yoyon rufi da na gilashi zai kai ƙarshen Agusta. Dillalin da ya amince da kayansa ba zai ƙi ba, wanda ya ƙi kuwa ya gaya maka abin da ka ke son sani. In aibi ya fito, a ɗauki hoto, a sanar da mai sayarwa a rubuce a ranar, kada a bari kowa ya huda ko ya liƙe. Kada kuma a yi tafiyar dare da ita kafin a gyara, gama ran mutum ya fi kan fitila.

Ina kuma roƙon kamfanonin da ke sayar da sababbin motoci su dubi nisanmu. Ko dai su amince da wani gareji a Sakkwato ko Birnin Kebbi ya riƙa duba irin waɗannan ƙananan aibobi a madadinsu, ko kuwa su karɓi hoto ta waya, su kawo kayan gyara tukuna, sa'an nan su kira mutum, tafiya ɗaya ta wadatar. Malaman makaranta da akawuna kuwa, mu ne a ke kawo wa littattafan nan da ke rubuce da Turanci. Kada mu jefa su cikin akwati, mu karanta wa masu su tun ranar da suka kawo, mu gaya musu abin da ke tsare hakkinsu da abin da ke zubar da shi.

Allah ya kiyaye mu bisa hanya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Tambuwal.