Daga Zongon Kumasi Zuwa Jidda: Hanyar Sama Ma Tana Da Shinge

Duk wanda ya zauna a Aboabo ko Asawase ya saba da rugugin jirgin sama, domin filin jirgin Kumasi maƙwabcinmu ne. A shekarar 2024 aka buɗe sabon gininsa, aka raɗa masa sunan Prempeh na Ɗaya. Yara sukan tsaya su ɗaga kai har jirgin Ankara, wato Accra, ya ɓace cikin gajimare. Da yawa daga cikinmu, har manya, suna tsammanin cewa sama fili ce fetal, ba shinge, ba ɗan sanda, ba kwastan. To, ba haka abin yake ba.

Tun a shekarar 1944 ƙasashen duniya suka hadu a birnin Chicago na Amurka, suka amince cewa kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyar da ke bisa kanta. Saboda haka jirgin fasinja ba ya ratsa wata ƙasa sai da izini, kuma kamfanin yakan biya kuɗin wucewa, kamar yadda direban lori ke biya a kan hanya. Kafin jirgi ya tashi, sai an rubuta hanyar da zai bi, an lissafa man da zai sha, an duba sanarwar da hukumomin jiragen sama suka fitar game da wuraren da aka rufe. Wani lokaci ƙasa ce ke rufe samanta. Wani lokaci kuwa sama a buɗe take, amma kamfanin da masu yi masa inshora su ce ba za su kusance ta ba. Suna da hujja: a ranar 17 ga Yuli 2014 aka harbo jirgin Malesiya a gabashin Yukren, mutum 298 suka rasu.

Idan ka shimfiɗa taswira, ka ja zare daga Tamale ko Ankara zuwa Jidda, za ka ga ya ratsa Nijeriya, da Chadi, da Sudan, sa'an nan Bahar Maliya. Wannan kusan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna, daga baya da motoci: daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, zuwa Al-Fashir da Khartum, har Sawakin a bakin teku. Wasu sukan shekara da shekaru a hanya, suna noma suna tara guzuri. Wasu ma ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke gaɓar Kogin Nilu jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har yau akwai Hausawa masu yawa a Sudan.

A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. A ranar aka lalata jiragen fasinja a filin jirgin birnin, har da na kamfanin Saudia, aka kuma rufe samaniyar ƙasar, saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Dole jiragen Afirka ta Yamma suka nemi kewaye, wasu ta kudu, ta wajen Uganda da Kenya da Habasha, wasu ta arewa, ta Masar. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. A Nijeriya kamfanonin da ke ɗaukar alhazai sai da suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane mutum ɗaya.

Ba a gama da wannan ba, sai sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli. Ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, har hafsoshinta suka yi taro a Ankara cikin watan Agusta. Ranar 6 ga Agusta sojojin Nijar suka rufe samaniyarsu, ba su buɗe ba sai 4 ga Satumba. Da ma manyan kamfanonin Turai sun daɗe suna kauce wa Libiya. Da aka haɗa Nijar da Libiya da Sudan, sai ya zama kamar an gina katanga a tsakiyar nahiyar. Jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da ƙasashenmu suka riƙa karkata yamma, 'yan uwanmu mazauna Ingila da Jamus da Italiya suka ga jinkiri da sauyin lokaci.

Wannan ba sabon abu ba ne a Afirka. Tun daga 1963 yawancin ƙasashen nahiyar suka hana jiragen Afirka ta Kudu ratsa samaniyarsu saboda mulkin wariyar launin fata. Shekara da shekaru jiragen nan suna kewaya ta bisa tekun Atlantika, suna sauka a tsibirin Sal na Kef Bade su sha mai, kafin su wuce Turai.

Abin da ya kamata matafiyi ya riƙe shi ne, kada ya dogara da tsohon lissafi. Ka tambayi wakilin da ya yanka maka tikiti ta ina jirgin zai bi, awa nawa zai yi. Idan za ka sauya jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira, ka bar isasshen lokaci a tsakani. Dattawa masu ciwon suga ko hawan jini su sa maganinsu a jakar hannu, ba cikin akwatin da za a auna ba. Mai adashin Hajji kuma ya ajiye wani abu a gefe, domin rikicin da ke nesa yana iya taɓa kuɗin kujera.

Idan matuƙi ya sanar cewa zai yi kewaye, kada ranka ya ɓaci. Hausawa sun ce hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Kakanninmu da shekaru suka bi ta, mu kuwa 'yan awoyi ne aka ƙara mana. Allah ya kawo zaman lafiya a Sudan da sauran ƙasashenmu, ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Amin.